Daga kilo 102 zuwa 86: yadda wani ɗan kasuwa a Damagaram ya koyi gudu yana dab da shekara sittin

## Asalin lamarin

Mutumin da za a bi labarinsa a nan ɗan kasuwa ne a Zinder, wato Damagaram, a Nijar. Atamfa da shadda yake sayarwa a kasuwar Dole, gidansa yana Zango, matansa biyu. Shekararsa 57 a watan Nuwamba 2023, lokacin da aka fara auna shi. Alƙaluman da za a gani daga katin asibitinsa aka ɗauko su, da kuma wani littafi da ƴarsa ta riƙa rubutu a ciki. Ya yarda a bayyana su muddin ba a kama sunansa ba.

Ba da ƙiba ya taso ba. Yana saurayi a ka yake ɗaukar dila, a keke yake zuwa cin kasuwar Mirriya, kilomita 18 zuwa, 18 dawowa. Jiki ya soma buɗewa ne bayan ya haura arba'in, da ya samu rumfar kansa da yaran shago, ya sayi babur, daga baya ya sayi mota. Babu wanda ya ɗauki abin cuta. "Alhaji ya murje," "hutu ya karɓe ka," abin da ake ce masa ke nan, shi ma yana jin daɗi. A garinmu tumbi shaidar rufin asiri ne, ramar magidanci kuwa tambaya take jawowa: ko ba shi da lafiya, ko kasuwa ta karye, ko matan gida sun yi sakaci.

Ga yadda yininsa yake tafiya. Asuba a masallacin ƙofar gida. Karin kumallo kunu da ƙosai, ko shayi da madara da burodi. Mota ta kai shi bakin rumfa, ya zauna daga hantsi har La'asar, in ban da alwala da salla. Da rana fura da nono an zuba sukari, sai shinkafa da miya daga gida, sai lemun kwalba mai sanyi. Bayan Azahar a ɗora butar shayi, a sha na fari, na biyu, na uku. Bayan Isha a fito da tuwo a yi ciyayya da maƙwabta a ƙofar gida, daga nan a wuce fada, a sake ɗora buta, a aika yaro ya sayo tsire ko balangu, hira ta kai ƙarfe goma sha ɗaya. In aka haɗa duk takun da yake yi a rana, da ƙyar ya cika kilomita guda.

Tafiyar da yake yi Kano saro kaya ita kaɗai ce ke motsa shi, don a Kantin Kwari dole mutum ya taka. Da aka rufe iyaka da Najeriya bayan juyin mulkin Yuli 2023, wannan ma ta tsaya. Ciniki ya ja baya, zama ya ƙaru, shayi ya ƙaru. Minsharinsa ya kai ana ji daga tsakar gida, nafila ya koma yin ta a zaune saboda gwiwa, ƙeyarsa tana sarawa da yamma. Abin da ya kai shi asibiti shi ne wani sa'ansa, maƙwabcin rumfa, da ɓarin jikinsa ya shanye yana tsaka da auna yadi.

## Nuwamba 2023: awon farko

Tsayi mita 1.72, nauyi kilo 101. In aka raba nauyin da tsayi sau tsayi, ana samun 34.1, a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya daga 25 nauyi ya yi yawa, daga 30 kuma ƙiba ce. Zagayen ciki daidai cibiya santimita 114, alhali ga namiji haɗari yana somawa daga 94, ya tsananta daga 102. Awon hawan jini 16/10 (wato 160/100), iyakar lafiya kuwa ƙasa da 14/9 (wato 140/90). Sukarin jini kafin a karya giram 1.18 a lita: bai kai 1.26 da ake kira ciwon sukari ba, amma ya wuce na mai lafiya. Bugun zuciya yana zaune, 84 a minti.

Likita ya ce ya rage gishiri da sukari, ya riƙa motsa jiki, ya dawo bayan wata guda a sake awo kafin a yanke maganar magani. Cikin duk wannan, motsa jiki kaɗai ya riƙe.

## Disamba 2023: gudun farko

Bai shawarci kowa ba. Yana idar da sallar Asuba sai ya nufi hanyar Tanut da takalmin roba marar tudu, jallabiya a kan wando, don in ya hango wani sanannen ido ya mai da gudun tafiya. A kan kwalta yake yi, kullum, iya ƙarfinsa, sai haki ya tsayar da shi. Ranar farko bai kai rabin kilomita ba. A kwana na takwas yana haɗa kilomita ɗaya da rabi, da tsaye-tsaye.

Wata safiya wani ɗan kabu-kabu ya sha gabansa ya taka birki: "Baba, lafiya? Ɓarawo ne? Hau mu bi shi." Ya ce wannan ta fi ciwon ƙafa tsaya masa a rai, don ya gane duk wanda ya ga dattijo irinsa yana gudu, masifa zai zata.

A kwana na goma ƙwaurinsa biyu suka ɗauki zafi ta gefen ciki, gwiwar dama ta kumbura. Ya sayi ƙwayar diclofenac wajen mai tallar magani a tire, yana sha safe da yamma har mako biyu, ya ƙara kwana uku yana gudu a kan ciwon kafin ƙafar ta ƙi sam. Da ya koma asibiti a farkon Janairu, nauyi 100.5, jini 17/10. Likita ya hana shi ƙwayar nan take, ya gaya masa irin waɗannan magungunan kashe zafi suna ɗaga jini, suna kuma wahalar da ƙoda in aka daɗe ana sha.

## Janairu zuwa Afrilu 2024: garin magani da azumi

Da gudu ya gagara sai ya juya ga masu yawo da lasifika a kan mota. Aka ba shi garin "maganin narkar da tumbi" a ƙullin leda, a jiƙa a ruwan ɗumi a sha da dare. Zawo ya sa shi. Kilo uku suka tafi cikin kwana goma, tare da jiri in ya miƙe daga zaune. Ya daina, cikin mako biyu ukun suka dawo, don ruwan jiki ne ya fita, kitsen yana nan inda yake. Ya gwada kuma barin karin kumallo da abincin rana, sai ya zamana da dare yana cin na mutum biyu.

Ya sa rai a kan azumi, wanda ya kama a watan Maris. Amma buɗa-bakin gidansa zoɓo ne da ƙanƙara da sukari kofi biyu, kunu, ƙosai, soyayyen dankali, bayan Asham tuwo da nama, sai shayi har kusan sahur, da rana kuma barci a rumfa. Bayan ƙaramar Salla sikeli ya nuna 102. Nan ne ƙololuwar nauyinsa.

## Mayu 2024: lissafin abin da ke shiga baki

An auna jininsa a ranaku uku daban-daban, duk 16/10 ko kusa. Sukari 1.21. Likita ya ɗora shi a kan maganin hawan jini, amlodipine, miligiram 5 kullum, ya sa aka yi masa gwajin bugun zuciya na na'ura da na ƙoda, duka suka fito lafiya. Ya gindaya masa abu biyu: ba gudu har wata uku, tafiya kawai, sa'annan a rubuta duk abin da ya ci ko ya sha na mako guda, ba ragi.

Ƴarsa, ɗaliba a makarantar koyon aikin jinya, ita ta ɗauki rubutun. Na cikin gida ba wuya. Na kasuwa da fada kuwa sai da ta bi ta wajen yaron shago da saurayin da ke dafa shayi, tana tambayarsu dunƙulen sukari nawa ake jefawa a buta, mutum nawa suke sha. Da ta tara: ƙananan kofunan shayi shida a rana, kowane da sukari kusan giram 10, na karin kumallo giram 20, na fura giram 25, lemun kwalba giram 35. Jimilla kusan giram 140 a rana. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce babba kada ya wuce kimanin giram 50, in ya sauko 25 ya fi. Jarkar mai ta lita biyar kwana takwas take yi a gidan, kuma saman miya, inda man yake taruwa, na maigida ne. Dunƙulen ɗanɗano shida ake jefawa a tukunya, ban da gishiri, alhali giram 5 na gishiri ne iyakar mutum a yini.

"Baba, ba tuwo ne ya fi yi maka illa ba," in ji ta, "abin da kake sha ne." Ya ce ai shayi ba abinci ba ne. Ta auno giram 140 na sukari a kwano ta ajiye masa a gaba. Bai ƙara musu ba.

Rage ci a gidan mai mata biyu ba ƙaramin abu ba ne, kuma a nan aka fara tuntuɓe. Ranar girkin amarya ya bar rabin tuwo, alhali jiya ya share na uwargida. Amarya ta kwana biyu ba ta sake masa fuska ba. Uwargida ce ta warware matsalar a gabansu duka: "Alhaji, in dai magani ne a yi shi da gaskiya. Kwano ɗaya za mu riƙa zuba maka, ni da ita, kada a ce ka fifita wata." Aka ware wani madaidaicin kwano mai cin malmala biyu, shi ne nasa ko girkin wa.

Ba a haramta masa komai ba. Tuwo ya sauka daga malmala huɗu zuwa biyu, ana kwashe man da ya taso kafin a zuba masa miya, dunƙulen ɗanɗano ya koma uku. Da rana kopton zogale ko kabeji da wake suka maye rabin shinkafar. Fura ba sukari. Lemun kwalba ranar Juma'a kawai, tsire sau biyu a mako. Shayi kuwa, tun da a buta ake sa sukari, sai aka yi da mai dafawa ya tsiyaya masa nasa kafin ya jefa, kofin farko kaɗai a kowane zama, shi kuma ya jefa dunƙulen sukari ɗaya da hannunsa. Sukarinsa na yini ya dawo kimanin giram 30. A fada an yi masa tsiya sosai, musamman wani Bafillatani abokin wasansa da ya riƙa cewa mata sun yi wa Alhaji awo. Mako uku aka yi, aka gaji aka bari.

## Yuni zuwa Agusta 2024: tafiya

Ya fara da minti 15 bayan Asuba, yana ƙara biyar duk mako. A ƙarshen Yuli yana yin minti 45, kwana biyar a mako, tafiya mai ɗan sauri da ke sa zufa. Hakan ya haura minti 150 a mako da ake nema ga babba. Ya kuma ajiye mota, yana takawa zuwa kasuwa da safe, da yamma yaro ya ɗauko shi.

A wannan lokaci ya samu abokin tafiya, wani malamin motsa jiki da ya yi ritaya, mai shekara 62, da suke sahu ɗaya a masallaci. Mutum biyu masu furfura suna tafe suna hira, babu wanda ya tsaya tambayar lafiya.

Naman layya na tsakiyar Yuni ya tsayar da nauyin mako biyu. Ƙarshen Yuni 100, ƙarshen Yuli 97.5, ƙarshen Agusta 95.5. Ciki santimita 107, jini 14/9. Daminar 2024 ta yi ƙarfi ƙwarai a Damagaram, ita ce ta rushe tsohon masallacin Birni a farkon Satumba, kuma kwanaki da dama lunguna sun cika da ruwa. Irin waɗannan ranaku zagayen tsakar gida yake yi har mintinsa su cika.

## Satumba zuwa Nuwamba 2024: sassarfa a cikin tafiya

Likita ya ba da izini. Malamin ya raka shi wajen ƴan gwanjo suka zaɓo takalmin gudu mai kaurin ƙasa, da ɗan sarari a gaban yatsu, jika takwas. Suka bar kwalta suka koma filin ƙwallon wata makaranta, ƙasa daɓaɓɓiya, ba rairayi mai nutsa ƙafa ba. Kwana uku a mako: Asabar, Litinin, Laraba. Alhamis ranar babbar kasuwa ce, ba a taɓa ta. Sauran ranakun tafiya.

Mako biyun farko, minti ɗaya sassarfa, biyu tafiya, sau takwas. Na uku da na huɗu, biyu da biyu. Daga nan uku da biyu, sai biyar da biyu. Dokar malamin ɗaya ce a kan sauri, kuma da ita yake gwada shi suna cikin gudu. Sai ya juyo ya ce, "Alhaji, ina kwana? Ina gajiya? Yaya iyali? Yaya kasuwa?" In ya amsa duka ba tare da numfashi ya katse masa ba, saurin ya yi daidai. In amsar ta fito gutsi-gutsi, a rage. Da farko ya ga abin kamar wasa, don wani lokaci mai tafiya da ƙafa ma yana wuce su. Sau biyu ƙwauri ya yi alamar zafi, sau biyun aka maimaita makon maimakon a ƙara.

A watan Oktoba nauyin ya tsaya cik a 93.5 har mako uku. Littafin ƴarsa ya nuna dalili: ranakun gudu yunwa tana kama shi, yana tsayawa wajen mai masa a hanyar dawowa, da hantsi kuma ya sa a kawo masa alkaki, yana ganin ya biya kuɗinsu da zufa. Aka mai da karin kumallon ranar gudu ƙwai biyu ko ƙosai da kunu marar sukari, a gida. Ƙarshen Nuwamba ya yi minti 20 ba tsayawa, kimanin kilomita 2.4. Nauyi 91.5.

## Disamba 2024 zuwa Fabrairu 2025: hunturu da ciwon diddige

Sanyin hunturu ya sauƙaƙa gudu, ƙura ta kawo tari. Suka yanke cewa duk safiyar da hazo ya rufe gari ba fita. Jin ƙarfi ya sa a Janairu ya ƙara rana ta huɗu, shi kaɗai, kuma a kan kwalta. Cikin mako biyu diddigen hagu ya soma suka, musamman takun farko in ya sauko daga gado, irin ciwon jijiyar tafin ƙafa da ke kama masu nauyi in sun ƙara gudu da gaggawa.

Wannan karon bai nemi ƙwaya ba. Ya ajiye gudu mako biyu, ya ari keken ɗansa. Malamin ya koya masa murza tafin ƙafa a kan kwalba, da miƙar da sharaɓa a jikin bango, da ɗagawa a kan yatsu a bakin dakali, da tashi-zauna daga kujera ba tare da dafa komai ba, sau goma-goma har zubi uku, kwana biyu a mako. Dalilin shi ne tsokar mutum tana raguwa da kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari duk shekara goma bayan ya wuce talatin, mai rage nauyi kuma yana iya zubar da tsoka tare da kitse in bai ba ta aiki ba. Ya koma kwana uku, ya koma filin. A ƙarshen Fabrairu ya yi kilomita 5 cikin minti 41. Nauyi 89.

## Maris zuwa Yuni 2025: azumi na biyu, zafi, da koma-baya

Kafin azumi ya je wajen likita, aka mayar masa da shan magani bayan buɗa-baki. Ba gudu da rana. Dabino uku, ruwa, kunu marar sukari, salla, sai abinci a kwanonsa. Bayan Asham tafiyar minti 30, sau biyu a mako da ɗan sassarfa. Ranar Salla 87.5.

A Afrilu da Mayu zafin Zinder yana haura digiri 40. Gudu ya koma minti 25, a gama kafin rana ta fito, a sha ruwa kafin fita da bayan dawowa. Likita ya nanata masa alamomin da in ya ji ɗaya zai tsaya ya nemi asibiti: nauyi ko zafi a ƙirji, jiri, bugun zuciya da ya rikice, ko haki da bai dace da saurin ba. Bai gamu da ko ɗaya ba.

A watan Mayu aka aurar da ƴar da ke riƙe da littafin, aka kai ta Maraɗi. Rubutu ya tsaya. Mako biyu na hidimar biki, baƙi, soye-soye da lemu, sai layya ta biyo baya a farkon Yuni, malamin kuma ya tafi ƙauye shuka. Gudu ya koma sau ɗaya a mako, shayi ya koma kofi uku. Ƙarshen Yuni sikeli ya nuna 90. Amarya ce ta ɗauko littafin ta ci gaba da rubutu, aka kuma sa ranar awo tsayayya: duk Juma'a bayan masallaci, a sikelin wani kantin magani. Da malamin ya dawo a Yuli suka koma da baya zuwa biyar da biyu, suka sake hawa cikin mako huɗu.

## Nuwamba 2025: inda aka tsaya

Shekara 59. Nauyi kilo 86, ma'aunin nauyi da tsayi 29.1. Ciki santimita 99. Jini 13/8, a kan amlodipine miligiram 5. Sukari kafin a karya 0.98. Bugun zuciya yana zaune 66. Yana gudun kilomita 4 zuwa 5 sau uku a mako, sauran ranaku tafiya. Minshari ya ragu sosai, nafila a tsaye yake yin ta. Gwiwar dama tana ɗan motsawa in sanyi ya shigo. Daga 102 ya sauke kilo 16, kusan kashi 16 cikin ɗari na nauyinsa, cikin wata 18.

## Abin da ya yi aiki, da dalili

Mutanen unguwa suna cewa gudu ne ya rame da Alhaji, don gudun suke gani. Lissafi bai goyi bayansu ba. Mai gudu yana ƙona kusan kalori (ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki) ɗaya a kan kowane kilo na jikinsa a kowace kilomita. Kilomita 13 a mako ga mai kilo 88 bai wuce kalori 1,150 ba, kilo ɗaya na kitse kuwa ya kai kalori 7,700. Sukarin da ya bari, giram 110 a rana, kowane giram kalori 4, ya haura kalori 3,000 a mako, kafin a zo kan mai da tuwo. Kilo shida da rabi sun tafi tun bai ɗaga ƙafa ya yi sassarfa ko sau ɗaya ba, kuma duk sanda nauyin ya tsaya ko ya hau, a littafin abinci aka samo dalili. A ganina rage nauyin nan aikin madafa ne da butar shayi, kuma waɗanda suka yi shi su ne ƴarsa da ta ƙirga, uwargida da ta kawo dabarar kwano ɗaya, amarya da ta karɓi littafin, da saurayin da ya yarda ya tsiyaya kofi ɗaya kafin sukari.

Wannan bai rage wa gudun daraja ba. Saukar bugun zuciya daga 84 zuwa 66 nasa ne. Yana da hannu a saukar sukari da jini, shi ya tsare masa tsoka tare da atisayen dakali da kujera. Ya kuma ba shi abin da kwano ba zai ba shi ba, wato ci gaban da yake gani da idonsa, minti ɗaya ya zama ashirin, ashirin ta zama kilomita biyar. Mutumin da zai fita gudu da asuba yana tashi daga fada da wuri, tashi da wuri kuwa shi ne rashin tsiren dare. Haɗa rage ci da motsa jiki ba sabon abu ba ne: babban binciken da aka yi a Amurka aka wallafa a 2002, a kan mutanen da sukarinsu ke bakin iyaka irin nasa, ya nuna rage kashi 7 cikin ɗari na nauyi tare da minti 150 na motsa jiki a mako ya rage kamuwa da ciwon sukari da kashi 58 cikin ɗari, kuma amfanin ya fi yawa ga waɗanda suka kai sittin.

Gudun Disamba 2023 ya faɗi ne don an ɗora kilo 101 a kan ƙashi da jijiyoyin da suka shekara goma sha biyar a zaune, kullum, a kan kwalta, ba ranar hutu. Zuciya da huhu suna sabawa cikin makonni, jijiya da ƙashi sai sun ɗauki watanni, shi ya sa mutum yake jin zai iya ƙarawa tun ƙafarsa ba ta shirya ba. Ciwon diddigen Janairu 2025 ma daga nan ya fito. Wata ukun tafiya da likita ya tilasta su ne suka sa gudu na biyu ya ɗore. Abokin tafiya kuma ya kawar da kunya, wadda nake ganin ta fi ciwon gwiwa hana dattawanmu fita.

Sai dai a yi hattara wajen ɗaukar lamarinsa a ɗora wa kowa. Yana da kuɗin gwaji da magani, yana da yaran da za su buɗe rumfa in ya makara, yana da ƴa mai ilimin jinya, zuciyarsa kuma an gwada an ga lafiya kafin ya fara. Wanda ya haura hamsin da hawan jini ko sukari, ya fita gudu ba tare da wannan gwaji ba, ya sa ransa a haɗari. Kuma namiji ne. Uwargidansa, wadda awonta ya fi nasa muni, ba ta da filin da za ta je da asuba. Zagayen tsakar gida take yi, kuma ta cancanci a yi mata irin hidimar da aka yi masa.

Aikin ma bai ƙare ba. Cikinsa yana sama da 94, nauyinsa bai sauko inda ake so ba, kuma watan Yuni ya nuna mako shida na sakaci sun isa su dawo da kilo biyu da rabi. Yanzu abin da yake nema shi ne a raba shi da maganin hawan jini, yana cewa ai ya warke. Likita ya ƙi: 13/8 ɗin nan da magani aka same shi, ba za a taɓa ƙwayar ba sai an ga awon wata shida masu zuwa, ko a lokacin ma ragewa za a gwada a hankali ana aunawa, ba dainawa ba. Alhaji bai ji daɗi ba, amma yana sha, kuma a wannan ina bayan likita.